Babu Komai a Wurin Sai Kuka

Ta hannun Malam Abdulgaffar tela,
Batsari.
Satumba.

Zuwa ga Kaka Badaru mahauci, kasuwar Safana.

Assalamu alaikum.

Ka yi haƙuri, Kaka, da na ɗauki biro na rubuto maka alhali ban taɓa zuwa na durƙusa na gaishe ka ba. Na san ba hurumina ba ne. Na fara na yage, na sake farawa na yage. Inno ce ta ce in ban rubuta ba ita za ta rubuta, ita kuwa ba ta iya ba.

Ina wuni, ina gajiya? Yaya iyali, yaya kasuwa, yaya ƙarfin jiki? Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya. Mu ma lafiya muke, sai ɗan tari da ke damun Inno da safe.

Sunana Naja'atu. Mahaifiyata ita ce marigayiya Ramlat, 'yar marigayi Daudu na Yasore. Kakata Inno, matarsa, ta ce kai da Kaka Daudu 'ya'yan wa da ƙani ne. Ita ta rene ni. Ina aji biyu na babbar sakandare.

Za ka ga ban sa adireshi a saman takarda yadda aka koya mana a makaranta ba. Ba mantawa na yi ba, ba mu da shi ne. Tun bara da kwana a Yasore ya gagara muka taso muka dawo cikin gari. Malam Abdulgaffar ya ba mu aron ɗaki a gidansa, bai taɓa nuna mana ya gaji ba. To yanzu ɗansa Najib zai yi aure bayan girbi, ɗakin kuwa dama nasa ne. Malam bai ce mu tashi ba. Amma an kawo gwangwanin fenti an ajiye a zaure, kuma duk wanda ya wuce ta wurin sai ya kau da kai.

Inno ta ce akwai fili a bayan garin nan wanda kai da Kaka Daudu kuka haɗu kuka saya tun ba a haifi mahaifiyata ba. Mazan Yasore da ke nan sun ce da zarar ruwa ya ɗauke za su yi mana gayya su buga tubali. Sai dai da na je ofishin filaye, wani ma'aikaci mai suna Malam Tayyib ya ce an yanka sababbin hanyoyi a wancan gefen, ba a yarda kowa ya aza tubali ba sai an san layinsa da lambarsa, don kada mutum ya gina a kan hanya a zo a rushe masa. Ya tambaye ni layi da lamba. Na tsaya ina kallon takalmina.

Inno ba ta taɓa ganin filin ba. Ta ce a zamaninsu mata ba su bin maza kallon fili. Waɗanda suka yi shaida duk sun rasu. Saura kai.

Roƙona, Kaka, ka yarda mu gina ɗaki ɗaya a wurin, ka kuma faɗa mana layi da lamba. Da waya na aiki da ban wahalar da kai da karatu ba, amma ka san an yanke. Mannir direba zai kawo maka wannan, shi kuma zai karɓo amsa.

Inno ta ce in tambaye ka, kuma wallahi ba ni na faɗa ba, wai har yanzu ƙashi ya fi tsoka yawa a naman da kake sayar wa mutane?

Jikarka,
Naja'atu.

*

Safana, watan Safar.

Jikalle,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni ina fiɗar akuya, don haka ki yafe maiƙon da za ki gani a gefen tawa. Rubutun ma ki yafe, a ajin yaƙi da jahilci na koye shi, malamin kuma ya fi son barci.

Na san ki mana. Ni na yanka ragon sunanki. Allah Ya sa ba ki gado kunnuwan Daudu ba.

Lafiyata lau sai gwiwa. Ita ke gaya mini za a yi ruwa tun hadari bai sani ba. Kasuwa kuwa ta yi sanyi, dabba ba ta shigowa kamar da.

Maganar fili, ku gina. Rabona na bar wa Inno, ta zuba kaji in tana so. Abin da ya ɓata mini rai shi ne tun bara kuna raɓe a gidan mutane ba wanda ya gaya mini.

Maganar layi da lamba ita ce ban gane ba. Layina ɗaya ne, yana cikin wayata, lambar kuma na rubuta miki a bayan takardar nan. Amma ke da bakinki kin ce an yanke. To me Malam Tayyib zai yi da ita? Ko fili ma yanzu sai an yi masa rajista irin ta waya? In haka ne ki gaya masa filin ba ya da babban yatsan da zai dangwala.

Ga yadda za ku same shi. Ki bi hanyar Karare har ki wuce gidan ƙarshe. Za ki ga babbar tsamiya inda matan Fulani ke sauke ƙwarya su huta. Ki ba tsamiyar baya, ki fuskanci gabas, ki yi tafiya gwargwadon yadda mutum zai cinye tsire tsinke biyu. Nan ne. Fili ne fetal, ko kare ba ya samun inuwa a cikinsa.

Ki gaya wa Inno ƙashin da take rainawa shi ya rufa wa miyarta asiri shekara da shekaru, don gishiri ma ba ta iya sawa ba.

Kakanki,
Badaru.

*

Ta hannun Malam Abdulgaffar tela,
Batsari.
Oktoba.

Kaka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa. Yaya gwiwar? Inno ta ce ka shafa man shanu, in ba ka yi rowar sa ba. Tarinta ya yi sauƙi. Mun gode ƙwarai da kyautar rabonka, Allah Ya saka da alheri. Da na karanta mata wurin sai ta ce, “Ya yi abin kirki sau ɗaya, a rubuta.”

Laifina ne da ban yi bayani sosai ba. Ba layin waya ake nufi ba. Layin unguwa ne, wato hanyar da ke bi ta gaban gidaje, lambar kuma ta gida ce. Duk da haka na kai wa Malam Tayyib lambarka, don ban so a ce ka aiko da abu na ɓoye. Ya duba, ya yi murmushi, ya maido mini.

Mun bi kwatancenka ranar Asabar, ni da Inno. Kaka, gidan ƙarshe ba shi ne na ƙarshe ba yanzu. Bayansa akwai gidaje, da masallaci, da injin niƙa, da wasu gidajen kuma. Tsamiya babu. Wani mai faci ya ce iska ta kayar da ita tun yana yaro, ya nuna mana inda take. Mai shayin da ke kusa da shi ya ce ƙarya ne, ya nuna wani wurin dabam. Suka kama gardama har suka manta da mu.

Na gwada tafiyar tsire daga wuraren biyu, amma ban san saurin cinka ba. Inno ta ce in dai kai ne, taku kaɗan ne.

Daga ƙarshe muka je wurin mai unguwa. Ya ce a wannan gefen filaye uku ne suka rage waɗanda ba a san masu su ba, duk a jere a kan sabuwar hanya ɗaya. Na farko wani ya shuka wake, ya ce aro ya yi daga wani wanda shi ma aro ya yi. Na biyu samari ke buga ƙwallo a ciki. Na uku shi ne can ƙarshe. Da muka isa Inno ta ce ƙafarta ta gaji, ta zauna. Babu komai a wurin sai kuka. Mun daɗe har la'asar ta yi sanyi, sai da na kama hannunta na tashe ta.

Na koma wurin Malam Tayyib. Ya ce hanyar ba ta da suna tukuna, kuma al'adarsu ita ce sunan da mutanen wuri suka riga suka saba da shi shi ake rubutawa. Mutanen wurin kuwa Layin Kuka suke cewa. Lamba kuma ba zai bayar ba sai an tabbatar wanne ne namu cikin ukun. Ya ce lamba ba ta mutum ba ce, ta wuri ce. Na rubuta wannan a bayan littafina don in yi tunani a kai, har yanzu ban gama ganewa ba.

Hankalin Inno ya fi kwanciya da na ukun, amma ta ce ba za ta kwana a kan haƙƙin wani ba. Don Allah ka tuna wani abu ban da tsamiya.

An buɗe fentin. An fara da zaure.

Jikarka,
Naja'atu.

*

Batsari.
Ƙarshen Oktoba.

Kaka,

Assalamu alaikum. Ka gafarce ni da na sake rubutowa ban jira amsa ba. Muna lafiya, muna fatan kai ma haka.

Mannir ya rantse ya ba ka takardata hannu da hannu. Ya ce a tsaye ka karanta, sannan ka rufe teburinka ka tafi gida alhali da sauran nama. Tun daga nan kullum na tare shi a tasha sai ya girgiza kai. Na sake karanta kwafin da na ajiye ko na yi rashin kunya a wani wuri, ban gano ba. In maganar saurin cin tsire ce, Inno ce ta faɗa, amma ni na rubuta, ka yafe mini.

Ruwa ya ɗauke. Mazan Yasore suna tambaya ina za su zuba ƙasa. An kawo gadon amarya, ba a sami wurin ajiye shi ba sai ɗakinmu, an jingine shi a bango. Inno na kwana ƙafarta na taɓa shi.

Naja'atu.

*

Safana, watan Maulidi.

Naja'atu,

Wa alaikumus salam. Ba ki yi laifin komai ba. Ni ne na rasa abin da zan rubuta. Wannan takardar ki karanta a zuciyarki, kada Inno ta ji.

Maganar kuka ta tsaya mini a rai. Na san Inno tun ranar da aka kawo ta gidanmu tana amarya. An yi fari muna tare. An yi rashin Daudu, an yi rashin uwarki. Ban taɓa jin an haɗa sunanta da kuka ba, ko sau ɗaya. Sai yanzu da tsufa, a bayan gari, gaban mutanen da ba su san ko ita wace ce ba.

Wancan fili na uku ku bar shi. Ba na son ta zauna inda akwai kuka. Kuma ban yarda a rubuta Layin Kuka bisa ƙofar matar yayana ba, ko da Malam Tayyib ne ya haifi hanyar. Wane irin suna ne wannan? Mutum ya taso daga ƙauyensa da abin da ya iya ɗauka a ka, sannan a ce masa ga inda za ka zauna, Layin Kuka?

Ku ɗauki na waken, ko na ƙwallon. In mai shi ya fito, ni zan ji da shi.

Ki kuma faɗa mini gaskiya, ke ɗiyar makaranta ce ba ki ƙarya: wa ya kawo kukan nan? In mutum ne, ina son sunansa da sunan ubansa.

Ga kilishi nan na ba Mannir. Na ƙirga shi falle-falle, in ya taɓa zan sani. Ki tabbata Inno ta ci. Ki riƙa zama kusa da ita.

Badaru.

*

Ta hannun Malam Abdulgaffar tela,
Batsari.
Nuwamba.

Kaka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina yi maka fatan sauƙin gwiwa. Kilishi ya iso, mun gode. Inno ta ci, sannan ta ce, “Me ya ce a kaina?” Na ce ba ka ce komai ba. Ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, “Bai zage ni ba? To ba shi da lafiya.”

Na yi yadda ka ce. Na gaya wa Malam Tayyib za mu ɗauki na waken. Ya cire tabarau ya ce, “Naja'atu, fili ba tumatir ba ne da za a ce a ba ni wancan.” Ban san yadda aka yi mai waken ya ji ba, yanzu a can yake wuni da fartanyarsa a kan cinya. Samarin ƙwallo kuma in sun hango ni sai su ce ga mai ƙwace fili ta zo. Hanyar ma na daina bi.

Kaka, na karanta takardarka har na kusa haddace ta, amma kaina ya ɗaure. Me ya sa ba ka son kuka? Matar Malam Abdulgaffar ta ce wataƙila iskoki kake gudu, don an ce suna son zama a irin wurin. Na tambayi malamarmu ta Islamiyya, ta ce in mutum na azkar ɗinsa ba abin da zai same shi sai abin da Allah Ya rubuta. In kuwa dole sai an sare, mazan Yasore sun je sun duba, sun ce mutum biyu ba za su iya rungume ta ba, aikin kwanaki ne da gatari.

Ka ce ba ka taɓa jin an haɗa sunan Inno da kuka ba. A nan ne na fi ruɗewa, don kusan kullum miyar kuka muke sha. Ranar da muka je ma abin da ya zaunar da mu ke nan. Ta sa samarin suka kakkaɓo mata ganye, ta cika bakin zanenta, tana tsinka tana cewa wannan ya fi na kasuwa yauƙi.

Ka tambaye ni wanda ya kawo. Na tambayi mai unguwa, ya ce shi ma a nan ya tarar da ita. Ba wanda ya san sunan mutumin, balle na ubansa.

Akwai wani ɗan abu, ka yafe mini, ba gyara nake maka ba. Na ga ka rubuta “kukan nan”. Na ɗauka biro ne ya zame, don a makaranta an koya mana itacen mace ce, “kukar nan” ake cewa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. An sa ranar Najib. Malam Abdulgaffar ya ce zai fitar da kekensa na ɗinki daga shago mu riƙa kwana a ciki. Inno ta yi godiya, ta shigo ɗaki ta fara ɗaure kayanta. Ta ce ba za ta raba mutum da abincinsa ba, Yasore za ta koma, ɗakinta na can ko ba ƙofa. Ka san abin da ake ciki a can. Ka kuma san in ta faɗi abu.

Don Allah, Kaka, ka ba ni amsa a motar da ta kawo wannan.

Jikarka,
Naja'atu.

*

Safana, ranar da takardarki ta zo.

Jikalle,

ITACE? Kuka ta miya?

Na riƙe Mannir a nan, na ba shi balangu, ba zai tashi ba sai na gama. Na yi dariya har mai sayen hanta ya ɗauka taɓuwa na yi. Ke kin rubuta babu komai a wurin sai kuka, ni kuwa na ga Inno zaune a ƙasa tana zubar da hawaye har la'asar, kina jan hannunta. Abincin kirki ban ci ba tun ranar. Ashe tsohuwar ganye take tsinka! Biro bai zame ba, malama, kaina ne ya zame. Ku 'yan boko ku nemo wa rubutun nan murya, yana kashe mutane.

Yanzu ki natsu. Wannan ki karanta mata da ƙarfi.

Ranar da aka nuna mana iyakar filin, Daudu ya zo da 'yar kuka ɗaure a bayan kekensa, ya tono ta daga bayan gidansu a Yasore. Kaurinta bai kai taɓarya ba. Na ce me za ka yi da wannan sanda? Ya ce Inno ba ta cin tuwo sai da miyar kuka, in sun tsufa sun dawo gari ba ya son ta riƙa saye. Na ce awaki za su cinye ta kafin mu kai tasha. Ya dasa, ya kewaye ta da ƙaya. Ni kuma don tsokana na zaro wuƙata na yi mata tsaga uku, irin na kumatunsa, na ce to ga ɗiyarka, kowa ya gani ya san ubanta.

Da rani na biyo ta wurin na hango ta tsirara ba ganye ko ɗaya. Na ce ta mutu, na shafe ta a raina. Ni mahauci ne, na manta kuka haka take yi da rani.

Ku je da mai unguwa da Malam Tayyib. Ku duba gefen da ke kallon alƙibla, daidai gwiwa. In kun ga tsaga uku, filinku ne, ni shaida ne duniya da lahira. In ba ku gani ba, ki aiko, in hau motar nan ko me ke kan hanya.

Suna kuma, a rubuta Layin Kukar Daudu. Da R, malama. Kin ga na koya.

Ki gaya wa Inno ta kwance ƙunshinta. Yasore ba ta yi kewar miyarta ba.

Kakanki,
Badaru.

*

Lamba 12,
Layin Kukar Daudu,
Batsari.
Disamba.

Kaka,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Don Allah kafin ka karanta komai ka dubi saman takardar nan. Da rula na ja layin.

Ina gaishe ka, ina gaishe da iyali. Yaya gwiwa, yaya kasuwa? Muna lafiya ƙalau. Ka yi haƙuri da jinkiri, hannuna ne duk ya yi kanta da ɗibar ruwan gini.

Na karanta wa Inno takardarka da ƙarfi yadda ka ce. A wurin hawaye ta yi dariya har tarinta ya dawo, ta ce, “Ni? A gaban 'yan ƙwallo?” Da na kai wurin keke da 'yar sanda sai dariyar ta tsaya. Na ƙarasa karantawa. Ta ɗauki mayafinta kawai.

Mun je da mai unguwa, da Malam Tayyib da igiyar awonsa, da mazan Yasore. Mai wake ma ya biyo mu da fartanyarsa. Gindin duk ciyawa ce, aka share. Da farko ban ga komai ba, don ni 'yan ƙananan tsaga nake nema. Sai wani tsoho cikin mutanenmu ya ja da baya ya ce, “Ku matso nan ku duba. La ilaha illallahu. Wannan ai fuskar Daudu ce.” Kaka, sun girma tare da ita. Kowace ɗaya ta yi faɗin tafin hannuna.

Mai wake ya ce, “To Alhamdu lillahi, ni dai ba nawa ba ne aka zo ɗauka,” ya saɓa fartanya ya tafi. Malam Tayyib ya auna, aka kafa turaku, ya ce ba mu shiga hanya ba ko kaɗan.

Wajen suna an so a sake ruɗewa. Mai unguwa ya yarda, ya kira Jinjiri mai fenti ya ce masa, “Rubuta Kukad Daudu,” yadda bakinsu yake faɗa. Jinjiri ya tsoma buroshi ya ce, “Ranka ya daɗe, da D ko da N?” Wani ya ce N, ai duk ɗaya ne. Ban san lokacin da na ce “Da R!” ba, da ƙarfi, a gaban maza duka. Kowa ya juyo. Na so ƙasa ta buɗe. Amma ban tafi ba, na tsaya a kansa har ya rufe harafin.

Lambar an rubuta ta a jikin guntun kwano, an kafa a kan turke, don ba mu da ƙofa a lokacin. Jinjiri ya so ya buga ta a jikin itacen, Inno ta ce duk wanda ya sa mata ƙusa sai ya gaya wa mutane. Matsala ɗaya ta rage: ka san ba ta taɓa faɗin sunan Kaka Daudu ba. Jiya wata mata ta tambaye ta inda muka koma, ta ce, “Layin kukar mai wannan suna.” Matar ta tafi tana waiwaye.

An yi gayya, ɗaki ya tashi, an rufa. Mun kwashe kayanmu ana gobe kamun amaryar Najib. Malam Abdulgaffar da kansa ya ɗauko mana tukunyar ruwa, kuma kekensa na nan a shagonsa.

Akwai abin da na yi ta tunanin ko in rubuta. Ranar awo, bayan kowa ya watse, Inno ta ce in je in jira ta a bakin hanya. Na je, amma na waiwaya. Ta durƙusa a gefen alƙibla, ta sa tafin hannunta a kan tsaga ukun nan, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya har la'asar ta yi sanyi. Babu komai a wurin sai kuka. Wannan karon, Kaka, yadda ka karanta da farko, haka ne.

Ban ja hannunta ba. Da kanta ta tashi, ta gyara mayafi, ta ce in na gaya maka sai ta yanke mini kunnuwan da na gada. Don haka in ka zo kada ka nuna ka sani. Ta daka maka garin kuka, Mannir zai kawo, ta ce ka zuba ƙashinka a ciki ka ji yadda miya take.

An ce an kusa maido da waya. Na san daga nan ba sauran dalilin takarda, kuma maganar fili ta ƙare, ba ni da wani roƙo. Sai dai yanzu ne na sami abin sawa a sama, sau ɗaya kawai na rubuta shi. In ba zan dame ka ba, Kaka, ka yarda in sake rubuto maka? Zan riƙa duba kowace kalma kafin in ba Mannir.

Jikarka,
Naja'atu.